Ku Tambayi Anti: Inshorar gidanmu za ta biya idan ruwa ya ci mu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ina wuni ya aiki ya iyali. Ni dai 'yar Zariya ce aure ya kawo ni Houston a jihar Texas ta Amurka a 2023, lokacin da aka yi guguwar Beryl a 2024 muna gidan haya kusan sati guda ba wuta ga zafi ga jariri a hannu wallahi ban manta ba. To yanzu Allah ya nufa mun sayi gida da bashin banki, makwabciyata tana ta ce min ku shirya fa lokacin guguwa ya kusa, na yi wa Baban yara magana ya ce ai muna da inshora tunda banki sai da ya tilasta mana kafin ya ba da bashin, in kwantar da hankalina. Ni kuma hankalin ya ƙi kwanciya. Don Allah Anti inshorar nan ta isa ko akwai sauran abin yi? Daga ƙanwarki a Houston.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sa wa gida albarka ya sa ku gama biyan bashin lafiya. Gaskiyarki da hankalinki bai kwanta ba, Baban yara bai yi ƙarya ba amma magana ce rabi. Inshorar gida da aka saba sayarwa a Amurka tana biyan gobara da sata, galibi har da ɓarnar iska kamar rufi ya yaye ko bishiya ta faɗo, amma ruwan da ya taso daga ƙasa ya shigo ta ƙofa, wato ambaliya, BA ya ciki. Wannan inshora ce daban mai zaman kanta, kuma banki ba ya tilasta ta sai idan gidan yana yankin da taswirar gwamnati ta sa a jerin masu haɗari sosai. Shi ya sa mutum zai yi shekaru yana biyan kuɗi duk wata yana ganin ya tsira, ranar da ruwa ya kai masa gwiwa a falo kamfani ya ce ba ruwansa. A guguwar Harvey ta watan Agustan 2017 haka aka yi a garin naku, akwai inda ruwan sama ya haura inci 60 a gabashin Texas cikin 'yan kwanaki, kuma gidaje masu ɗimbin yawa da ruwa ya ci ba ma sa cikin wancan yankin na taswira, masu su ba wanda ya taɓa ce musu su sayi ta ambaliya.

To abin yi yau yau, ba gobe ba, ku kira wanda ya sayar muku da inshorar ku tambaye shi ta ambaliya. Ta gwamnati sunanta NFIP, hukumar agajin gaggawa ta Amurka wato FEMA ce ke kula da ita, tana biyan gini har dala 250,000 kayan ɗaki kuma har dala 100,000, kuma kowanne saye daban ake yi don haka kar ku sayi ta gini kawai ki ɗauka kujerunki da gadonki da akwatunan lefenki sun shiga. Abin da ya sa nake ta gaggawa, yawanci sai ta yi kwana 30 da saye kafin ta fara aiki. Lokacin guguwa kuwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, Beryl da kika gani ma 8 ga Yulin 2024 ta sauka. Idan kuka bari sai an fara nuna guguwa a talabijin to an bar kari tun ran tubani, kamfanoni ma dakatar da sayar da sabuwar inshora suke yi da zarar guguwa ta doso.

Sannan ki ɗauko takardar inshorar da kuke da ita ki zauna da Baban yara bayan isha'i ku karanta shafin farko tare. Ku nemi inda aka rubuta kason da ku za ku fara biya daga aljihunku kafin kamfani ya sa hannu, na iska da guguwa sau da yawa ba adadi ne tsayayye ba, kashi ne na darajar gidan. Misali gidan da aka yi wa inshorar dala 300,000 idan kason kashi 2 cikin 100 ne to dala 6,000 na farko ku ne za ku fitar, kin ga wannan ba kuɗin da ake nema dare ɗaya ba ne, gara a fara tarawa kamar adashe. Idan kuma gidanku can wajen bakin teku ne kamar Galveston to ki tambaya ko iska ma tana ciki, don a can sau tari sai an saye ta daban. Mota ita ma sai mai cikakkiyar inshora ake biya idan ta nutse.

Ki ɗauki waya ki zaga gidan kina bidiyo ɗaki ɗaki, ki buɗe wadrob da kicin da sito, ki tura wa kanki ta imel. Gwalagwalanki ki tambaya musamman, don abin da inshora ke biya na zinari kaɗan ne in ba a rubuta shi daban ba, mu kuma kin san a nan dukiyar mace take. Fasfo da girin kad da takardun haihuwar yara da na gida duk a jaka ɗaya da ruwa ba ya shiga, a inda hannu zai kai a cikin duhu.

Na cikin gida kuma kin riga kin ɗanɗana, ruwan sha galan ɗaya kowane mutum kowace rana na aƙalla kwana uku, maganin da wani ke sha kullum, madarar jariri, tocila, tsabar kuɗi saboda in ba wuta kati ba ya aiki, garin kwaki da dabino da ƙuli-ƙuli ba sa neman firji. Janareta kuwa don girman Allah a waje, nesa da taga da kamar ƙafa 20, kar a kunna shi a gareji ko da ƙofa a buɗe, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma ta kashe mutane bayan Beryl. Ku tsayar da gidan wa za ku je a Dallas ko San Antonio idan aka ce a tashi, ku faɗa musu tun yanzu, ku kuma zaɓi mutum ɗaya a gida Zariya da za ku riƙa sanar wa shi ya gaya wa sauran, kar Hajiya ta kwana tana kiran layin da ba caji.