Shin Wanda Ya Banke Kwatabak Bayan An Cafke Ƙwallo Ya Cancanci Dakatarwa?

Tambaya: Malam, ɗana ne mai jefa ƙwallo, wato kwatabak, a ƙungiyar ƙwallon Amurka (American football) ta makarantarsu a nan Amurka. Kwanan nan abokan hamayya suka cafke jifarsa, sai wani ƙato ya banke shi ta gefe, alhali yana nesa da ƙwallon. Har yanzu gabana faɗuwa yake. Wasu iyaye sun ce ai haka wasan yake. Ko a NFL, babbar gasar ƙwararrun wannan wasa, ba a dakatar da mai irin wannan?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Idan yana jiri, ciwon kai ko amai, kada ya koma fili sai likita ya duba shi.

Ƙarfin bugu shi kaɗai ba ya jawo dakatarwa, kuma a ganina bai kamata ba. Abin da ake dubawa shi ne inda bugun ya sauka, ko kwatabak ɗin yana bin mai ƙwallo ne ko yana tsaye kawai, da kuma tarihin wanda ya yi. Vontaze Burfict, wani ɗan wasan NFL da ya bugi kan abokin hamayya da hularsa, ya rasa sauran kakar 2019 gaba ɗaya ne saboda ba shi ne karon farko ba.

Maganar iyayen nan ce ta fi ɓata mini rai, domin kullum sai na ji ta: wai da zarar an cafke ƙwallo, kwatabak ya zama kowa, a yi masa yadda aka ga dama. Wa ya gaya musu? Dokar NFL ta sa kwatabak cikin waɗanda ba su iya kare kansu bayan ƙwallo ta sauya hannu. Ka bugi kansa ko wuyansa da ƙarfi, hukuncin yadi 15 ne a kan ƙungiyarka, kuma alƙalin wasa na iya korar ka. Idan ya ruga zai kayar da mai ƙwallo, to a tare shi, babu laifi. Amma mutumin da ya gama jifa, idonsa na sama, jikinsa a sake, wuyansa bai shirya ba, kai kuma ka taso da gudu daga inda ba ya gani, me kake tarewa? Kada wani ya kawo mini zancen hular kwano. Ƙoƙon kai take karewa, ƙwaƙwalwa kuwa girgiza take yi a ciki.

Masu gardama suna son kafa hujja da Kurt Warner, tsohon kwatabak na Arizona Cardinals. A Janairun 2010 Bobby McCray na New Orleans Saints ya shimfiɗe shi bayan an cafke jifarsa, kuma a dokar lokacin bai yi laifi ba. Sai dai ba sa ƙarasa labarin. A 2012 NFL ta ce ta gano ana ba 'yan wasan Saints kuɗi idan suka ji wa abokin hamayya rauni, aka dakatar da koci Sean Payton kaka guda. A 2019 kuma aka hana irin wannan bankar bazata da hula, kafaɗa ko damtse.

Ga wanda ya nufi kai da gangan, ko ya maimaita, tarar kuɗi wasan yara ce, tunda mai albashin miliyoyi ba ya jin ta. A zaunar da shi.

Dokar makarantu ba ta NFL ba ce, amma su ma sun hana wannan bankar. Ka nemi bidiyon wasan, ka kai wa shugaban wasanni na makarantar, ka roƙi a tura wa hukumar wasannin makarantu ta jiharku.