Jaririna bakwaini yana cikin kwalba: ya za mu yi da suna, aski da nonon wata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah ina neman fatawa. Na haihu cikina yana wata bakwai, yaron yana cikin kwalba a asibiti an sa masa tiyo ta hanci da shi ake ba shi nono, jibi zai cika kwana bakwai surukata ta dage sai an fito da shi an yi aski an yi suna, likitoci kuma sun ce ko taɓa shi sai an wanke hannu. Sannan nonona bai kawo ba a kwanakin farko, matar yayan mijina ce ta tatsa nata aka ba shi sau biyu ko uku. Meye hukuncin duka wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya ya raya shi, ke ma ƴar uwa Allah ya ƙara miki lafiya da juriya.

Kar a fito da yaron nan. Bakwaini huhunsa bai gama ƙwari ba, jikinsa baya iya riƙe ɗumi da kansa, ƙwayar cutar da babba bazai ma ji ta ba shi tana iya kwantar da shi, shi yasa aka sa shi a kwalbar. Manzon Allah (SAW) yace babu cuta babu cutarwa, kuma kare rai wajibi ne, aski da yanka kuwa sunna ce, ba a saka rai a haɗari don a cika sunna. Haka kiran wanzami ya cire masa beli, ko tauna dabino a sa masa a baki alhali ko haɗiya bai iya ba tukuna, duk a bari.

Suna dai baya buƙatar a ɗauko shi. Hadisin Samura bn Jundub ya ambaci yanka da aski da raɗa suna a rana ta bakwai, amma Muslim ya ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya sa wa ɗansa Ibrahim suna tun daren da aka haife shi. Ni shawarata ma ku raɗa masa yau ɗin nan, ki riƙa kiran sunansa kina masa addu'a in kin tsaya bakin kwalbar. Ragon kuma mahaifinsa ya yanka a gida ranar bakwai, yaro yana asibiti yanka ya inganta. In kuɗin magani ya cinye na ragon to maganin ne a gaba, Imam Tirmizi ya faɗi cewa malamai suna ganin in ba a samu ranar 7 ba sai ranar 14, in ba a samu ba sai 21. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shine lokacinta yana wucewa da wucewar ranar bakwai, to ko a kan wannan babu zunubi a kanku. Aski a jira a sallame shi yayi ƙarfi. Hajiya kuma a lallaɓa ta, son jikanta ne yasa take haka, mijinki ya kai ta asibitin ta gan shi ta gilashi da idonta, ina ganin da kanta zata janye.

Maganar nonon ita ce nafi so ki riƙe da kyau, don ita mutane suke sakaci da ita sai bayan shekara ashirin an zo maganar auren zumunci rigima ta tashi. Bayar da nonon halal ne, matar ma ta samu lada. Amma kar ki ce ai ta tiyo ne ba tsotsa yayi ba, malaman fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan nonon da aka ɗura ta baki ko ta hanci, jumhur, wato mafi yawansu, suna ganin in ya isa ciki hukuncinsa ɗaya da tsotso. Inda suka saɓa shine adadi, Shafi'iyya da Hanabila sun ce sai an shayar sau biyar saboda hadisin Nana A'isha, Malikiyya da Hanafiyya kuma sun ce ko kaɗan ne ya haramta, Ibn Abi Zaid a Risala yace ko da tsotso ɗaya ne matuƙar cikin shekara biyun farko ne. Abin da nake baku fatawa da shi shine na Malikiyya, shi ake aiki da shi a wajenmu kuma shi yafi kariya a sha'anin aure. Kenan matar yayan mijinki ta zama uwarsa ta shayarwa, mijinta babansa, ƴaƴansu duka na baya da masu zuwa ƴan uwansa ne, babu aure tsakaninsu. Sauran ƴaƴanki da basu sha ba wannan hukuncin bai shafe su ba. Ku rubuta sunanta da ranar a takarda ku ajiye, a sanar da manya biyu a dangi, kuma nan gaba kar a ba shi nonon kowa sai da sanin likita don akwai cututtukan da ake ɗauka ta nono, sai an gwada mai bayarwar. Wallahu a'alam.