Me ya sa switch ɗina ba ya gane ƙ da ɗ?

Tambaya: Malam, ina koyon yaren C, na rubuta furogiram ɗin kwamfuta, a jami'a nan Maradi. An ba mu aiki mu rubuta furogiram da zai karanta jimla ya ƙirga wasula da baƙaƙe da lambobi ta hanyar switch, wato umarnin da ke duba alama ya zaɓi case (reshen) da ya dace da ita. Wani lokaci wasali guda sai ya ƙirgu a wuri uku. Da na gwada "ƙasa ɗaya" kuma, sai baƙaƙen suka fi yadda suke yawa. Ina kuskurena? Daga wani ɗalibi, unguwar Zariya.

Amsa: Ƙanena, matsala biyu ce ka kawo, ɗaya mai sauƙi, ɗaya kuma ta shafi duk mai rubutu da Hausa a kwamfuta.

Ta farko, ka manta break, umarnin da ke fitar da furogiram daga switch. A C, idan switch ya faɗa cikin case guda, ba ya tsayawa da kansa, sai ya zarce cikin na ƙasa har ya gamu da break ko ya kai ƙarshe. Wannan zarcewar ce ke ba ka damar jera wasula wuri guda:

case 'a': case 'e': case 'i': case 'o': case 'u': wasula++; break;

Idan ka cire break ɗin nan, sai a ƙirga wasalin a baƙaƙe, a sake ƙirga shi a lambobi.

Ta biyun ita ce mai nauyi. switch ba harafi yake gani ba, lamba yake gani. A tsarin ASCII, wanda ke ba kowace alama lamba, mai alamomi 128, 'a' lamba 97 ce, 'A' 65, '0' kuma 48. Babu ƙ a cikinsu, babu ɗ, babu ma é na Faransanci. char na C, mazubin alama guda, bayit ɗaya yake ɗauka, wato okte kamar yadda malamanku ke faɗa. Haruffanmu masu ƙugiya kuwa, a tsarin UTF-8 na adana haruffa a kwamfuta, kowanne bayit biyu ne: a lissafin heksadesimal (tushe 16), ƙ shi ne C6 99, ɗ kuma C9 97. Saboda haka "ƙasa ɗaya" da idonka ke ganin alamomi 9 tare da fili, furogiram ɗinka bayit 11 yake karantawa. Ina kyautata zaton ka bar baƙaƙe a default, reshen da ke karɓar duk abin da bai dace da wani case ba, shi ya sa kowane rabin harafin ya ƙirgu a matsayin baƙi, har filin ma ya shiga lissafi.

Kada ka yi dabarar duba bayit na farko kaɗai. ƙ da ƴ duk da C6 suke farawa, ɓ da ɗ kuma da C9.

Abin da nake so ka yi: ka kira setlocale(LC_ALL, "") a farkon main don furogiram ya bi tsarin haruffan kwamfutarka, ka karanta da getwchar mai ɗaukar harafi cikakke ba bayit ɗaya ba, ka mayar da manyan haruffa ƙanana da towlower, sannan ka sa lambobin Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa, a case: 0x199 don ƙ, 0x257 don ɗ, 0x253 don ɓ, 0x1B4 don ƴ, wanda mu a Nijar muke rubutawa inda Najeriya ke sa 'y. A Linux mai UTF-8 wannan yana tafiya lami lafiya. default kuma ka bar shi ga abin da ba ka tanada ba, ka sa ya nuna maka shi a allo.

Saura sh da ts. A abacadan Hausa kowanne baƙi ɗaya ne, amma switch alama ɗaya yake kallo a lokaci guda. Idan ka ga s ko t, sai ka leƙa alamar da ke biye; idan ba h ba ce bayan s, ko s bayan t, ka mayar da ita da ungetwc. Ka tambayi malaminku ko yana son a ƙirga su baƙi ɗaya ko biyu kafin ka miƙa aikin.