Zan iya ɗaura wa motata sabuwar salansa da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Nissan 350Z ƙirar 2005. Na yi odar sabuwar salansa ta ƙarfen da ba ya tsatsa, irin wadda ake kira kat-bak, ta iso da notocinta da gaskit. Ina so in ɗaura da kaina a gida. Wani bakanike kuma ya ce in dai ƙara da gudu nake nema, in bari ya cire mini indomi, wato saƙar da ke tace hayaƙin mota, gaba ɗaya. Shin aikin zai yiwu a gida? Me zan tanada? Shawarar tasa fa? Daga wani mai karatu a Gwarinpa, Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zai yiwu, domin kat-bak aikin kwance noti da ɗaure noti ne, babu walda babu yanka, muddin kayan na motarka ne. Daga bayan katalis, wato na'urar da ke rage gubar hayaƙi, take farawa har zuwa bakin da ke leƙowa ƙarƙashin bamba, don haka ba za ka taɓa injin ko sensa ba. Mutum biyu za su gama cikin awa uku zuwa huɗu idan tsatsa ba ta ci notocin ba. Kada ka yi kai kaɗai. Tukunyar baya, wato gwangwanin da ke rage ƙara a ƙarshen salansar, tana da nauyi, kuma ana bukatar mai riƙe ta yayin da kake saita ta.

Kafin ka kwance komai, shimfiɗa sabuwar a ƙasa gefen motar ka gwada da ido. Injin motarka V6 ne mai lita 3.5, hayaƙi na fitowa ta gefe biyu, kowane gefe da katalis ɗinsa, sannan bututun biyu su haɗu kamar gwafa su zama ɗaya, ya wuce tsakiya zuwa tukunyar baya. Wasu kat-bak suna zuwa da tasu gwafar, wasu kuma daga bayan gwafar suke farawa. Ka san wacce ka saya. Ka kuma tabbatar ba ta Infiniti G35 aka aiko maka ba. Motocin biyu 'yan gida ɗaya ne, har masu sayarwa kan haɗa su a talla guda, amma tazarar tayoyin G35 ta fi ta 350Z da santimita 20, bututun tsakiyarsu ba tsawo ɗaya ba ne. Idan kana son sanin irin ƙarfen, kanga masa maganaɗisu: a ƙarafan da ba sa tsatsa, lamba 409 tana kama shi sosai, lamba 304, wadda ta fi jure tsatsa, da ƙyar take kamawa.

Kayan aiki: jak mai kyau, ƙafafun ƙarfe huɗu na tokare mota masu ɗaukar tan 2 ko 3, soket da sifana lamba 10, 12 da 14, doguwar sanda ta ƙarin ƙarfi, sifana mai awon ɗauri, man fesawa mai sassauta tsatsa irin WD-40, burushin waya, ruwan sabulu, tabarau da safar hannu. Ka ƙara da sababbin robobin rataya idan na yanzu sun tsage, domin roba mai shekara ashirin a zafin Abuja ta riga ta gaji.

Batun ɗaga motar shi ne wanda ba mu son ka yi wasa da shi ko kaɗan. Motar nan ta kusa tan ɗaya da rabi. Kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, kada kuma ka tokare ta da bulon siminti kamar yadda ake gani a gefen titi, domin bulo ba ya gargaɗi kafin ya fashe. Ka nemi daɓen siminti mai lebur, ka sa ƙafafun ƙarfen a wuraren da littafin motar ya nuna, ka girgiza ta da ƙarfi kafin ka kwanta. Idan ba ka da waɗannan, ka je wajen kanikawa na Apo ka biya kuɗin rami ko na'urar ɗaga mota na 'yan awoyi, ka yi aikinka da hannunka a can. Motar kuma ta kwana a kashe, ko aƙalla ta huce awa uku. Katalis yana riƙe zafi fiye da yadda ake zato.

Tun daren da ya gabaci ranar aikin ka fesa wa kowane noti man tsatsa, da safe ka ƙara. Daga baya ake fara kwancewa a taho gaba: tukunya, bututun tsakiya, sannan gwafa idan za a canza ta. Idan ƙarfen da ke gitta ƙarƙashin bututun ya tare maka hanya, kwance shi ka ajiye da notocinsa, zai koma. Robobin rataya kuwa ruwan sabulu za ka zuba musu su sulɓe, ba baƙin mai ko fetur ba, waɗanda ke cinye roba.

Notocin da ke haɗa katalis da gwafa su ne masu taurin kai, musamman a mota 'yar Beljiyam da ta sha gishirin titi a ƙasar sanyi. Yi amfani da soket mai kusurwa shida, ba mai sha biyu ba, don kada kan notin ya goge. Idan ya ƙi, ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan sannan ka juyo, ka sake fesawa, ka jira. Wanda ya yi gaggawa a nan shi ke karya ƙusar da ke jikin katalis, aikin awa uku ya koma na kwana biyu. Wutar gas kuma a bar wa mai walda, tankin fetur da bututunsa ba su da nisa da wurin.

Yanzu ga inda mafi yawan masu yi da kansu ke ɓata aikin: ɗaure noti tun ba a gama ratayawa ba. Goge fuskar kowace mahaɗa da burushin waya har ta yi sumul, sa sabon gaskit, tsoho ba ya komawa ko da ya yi kyau a ido. Sai ka fara jerawa daga gaba zuwa baya, kowane noti ka murɗa shi da yatsu kawai, ka rataya komai a robobinsa. Sai salansar ta gama hawa gaba ɗaya tana lilo, sannan abokin aikinka ya tsaya a baya ya duba bakunan biyu, su zauna daidai tsakiyar gurbinsu a bamba, tsawo ɗaya, tsayi ɗaya. Yana riƙe da su kai kuma kana ɗaurewa, nan ma daga gaba zuwa baya, noti biyun kowace mahaɗa bi-da-bi, kaɗan-kaɗan. Idan ka gama ɗaure gefe guda kafin ɗayan, gaskit zai karkace, hayaƙi ya sami hanya. Ka bi adadin da takardar kayan ta bayar. Noti mai kaurin milimita 10 yawanci wajen Nm 40 zuwa 45 ne a sifana mai awon ɗauri.

Ka bar tazarar yatsu biyu, wato santimita 2 zuwa 3, tsakanin bututun da duk abin da ke kewaye da shi: jikin mota, bututun birki, garkuwar zafi, da bamba. Dalili shi ne ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗauki zafi, kuma lamba 304 ta fi ƙarfen gama-gari miƙewa. Doguwar salansa tana iya ƙara santimita ɗaya ko fiye. Abin da bai taɓa komai ba da safe zai iya fara ƙwanƙwasa ko narka bamba bayan ka hau titin filin jirgi. Ka kuma juya kawunan kilam, wato zobban da ke matse mahaɗar bututu, su kalli gefe, ba ƙasa ba. Cikin motarka yana kusa da ƙasa, tuddan rage gudu na cikin Gwarinpa kuma abin da ya fi sauka suke fara duka.

Kafin ka tada injin, goge bakunan da tsumma, shatin yatsu yana gasuwa a jikin ƙarfen ya zauna. Tada ta a fili, ba a rufaffen gareji ba, domin hayaƙin yana ɗauke da iskar da ba ta da wari amma tana kisa. A mintin farko, tun bututun bai yi zafi ba, kanga hannu kusa da kowace mahaɗa ko ka yayyafa ruwan sabulu: kumfa ko ƙarar "tsit-tsit" alamar yoyo ce. Ɗan hayaƙi da ƙauri a ranar farko man masana'anta ne ke ƙonewa. Bayan tafiyar kilomita 100 zuwa 200, idan ta huce, sake bin notocin duka, ka duba ko akwai baƙin hayaƙi a gefen wata mahaɗa.

Shawarar cire indomi kuwa, ba mu goyi bayanta ba. Abin da ake kira indomi shi ne saƙar da ke cikin katalis, an shafe ta da ƙarafa masu tsada irin filatinam, faladiyam da rodiyam, shi ya sa take da kasuwa, shi ya sa kuma ake yawan ba masu mota wannan shawara. Aikinta rage gubar hayaƙin da kai da iyalinka da na bayanka a go-sulo za ku shaƙa. Akwai sensa kafin kowane katalis da bayansa. Da zarar an fasa saƙar, kwamfutar motar za ta gane, wutar gargaɗin injin ta kama da lambar P0420 ko P0430. Wutar da ke kunne kullum kuma tana ɓoye maka ranar da wata matsala ta gaske ta taso. Ga wari, ga ƙara mai karkarwa kamar gwangwani. Idan katalis ya toshe da gaske, mota na kasa hawan tudu ko kana jin ɓaraguzai na kaɗawa a ciki, canza shi ake yi da wani.

Game da gudu, kada ka sa rai da yawa. A injin da ba shi da turbo, ƙarin da kat-bak ke bayarwa bai cika wuce doki 5 zuwa 10 ba. Abin da za ka fi ji shi ne sauti. Shi ma ka gwada shi a giyar ƙarshe a titin Kubwa, inda allurar injin ke tsakanin 2,000 da 3,000, domin a nan ne ƙugin da ke cika cikin mota yake fitowa, irin wanda zai sa maka ciwon kai kafin ka kai Akwanga a hanyar Jos. Idan ya dame ka, mai walda zai iya ƙara maka rezoneta, wato ƙaramar tukunya mai rage ƙugi, a bututun tsakiya. Tsohuwar salansar kuma ka adana ta da robobinta, ko don ranar da maƙwabta suka koka da tashin asuba, ko ranar da za ka sayar da motar.