Tambaya da Amsa: Likitan da ya tura majinyaci asibitinsa na kansa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wani likitan ƙashi ya duba mahaifiyarmu a asibitin gwamnati, sai ya ce mu kai ta asibitinsa na kuɗi a yi mata tiyata a can. Wani ɗan'uwana ya ce a Amurka doka ta hana likita mallakar asibiti. Shin gaskiya ne, kuma yaya abin yake a nan? Daga wani mai karatu a Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ba Mama lafiya. Maganar ɗan'uwanka tana da tushe, amma ba haka take kai tsaye ba. Amurka ba ta haramta wa likita mallakar asibiti ba. Abin da ta taƙaita shi ne biyan irin waɗannan asibitoci daga asusun Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya da ke ɗaukar nauyin 'yan shekara 65 zuwa sama, kuma da wuya asibitin zuciya ko na ƙashi ya tsaya da ƙafarsa ba tare da tsofaffin majinyata ba.

Tun 1989 akwai dokar da ake kira da sunan ɗan majalisa Pete Stark, wadda ta hana likita tura majinyacin Medicare wurin da shi likitan yake da hannun jari. Sai dai dokar ta bar wata ƙofa: idan jarin likitan yana cikin asibitin gaba ɗaya, ba wani sashe nasa kaɗai ba, to babu laifi. Ta wannan ƙofa likitoci suka riƙa buɗe ƙananan asibitocin da ba sa yin komai sai aikin zuciya, ko ƙashi, ko tiyata. A 2003 majalisa ta dakatar da sababbinsu na wata 18, sannan a 2010 sashe na 6001 na dokar lafiya ta Shugaba Obama ya rufe ƙofar ga duk asibitin da bai shiga tsarin Medicare kafin ƙarshen shekarar ba, ya kuma ɗaure tsofaffin asibitocin wajen ƙara gadaje da ɗakunan tiyata.

Siyasar da ke ciki ita ce kowane ɓangare yana da tuwon da yake karewa. Ƙungiyar asibitocin Amurka, AHA, tana cewa asibitocin likitoci suna tsince ayyuka masu riba da majinyatan da ciwonsu bai yi tsanani ba, su bar wa manyan asibitoci sashen gaggawa da marasa galihu, alhali da ribar tiyata ake cike giɓin waɗannan sassa. Ƙungiyar likitoci, AMA, tana cewa manyan asibitocin gasa kawai suke gudu, kuma har yanzu tana neman a soke wancan sashe na 6001. A ganina kowa ya faɗi wani abu na gaskiya, amma damuwar farko tana nan daram: mutumin da zai ce a yi tiyata shi ne zai ci ribarta.

A Nijeriya lamarin ya bambanta, domin asibitocin kuɗi masu yawa na likitoci ne, kuma yawancin mutane daga aljihunsu suke biya, don haka gwamnati ba ta da babban asusun da za ta ja linzami da shi kamar yadda Amurka ta yi. A Legas hukumar HEFAMAA ce ke yi wa asibitoci rajista tana sa musu ido, MDCN kuma, wato majalisar kula da aikin likitanci ta Nijeriya, ita ke ladabtar da likitoci.

Kafin ku amince, Malam, ku tambayi likitan dalilin da ya sa ba za a yi aikin a asibitin gwamnatin ba, ku nemi a rubuta muku kuɗin aikin gaba ɗaya, ku kuma tabbatar asibitin yana da rajistar HEFAMAA, da likitan sa barci, da tanadin jini, da wurin da za a garzaya da Mama idan wani abu ya taso da dare. Ku kai hoton ƙashin wurin wani likita, misali a Asibitin Ƙashi na Igbobi, ku ji ta bakinsa. Idan kuma kun ga da gangan ake jan ƙafa a asibitin gwamnatin don a tilasta muku komawa na kuɗin, kuna da damar kai ƙara ga shugabannin asibitin ko ga MDCN.