Dillancin gidaje a New York: la'adar da aka hana ka da hanyar samun lasisi

Tambaya: Barista, ina zaune a unguwar Bronx da ke birnin New York, kuma tun ina gida Kano sana'ata dillancin gidaje ce. A nan ma nakan samo wa 'yan uwa gidan haya su ba ni la'ada. Kwanan baya na haɗa wani mai gida da 'yan haya, ya yi alkawarin biyana, sannan ya ƙi. Shin zan iya kai shi kotu? Kuma yaya zan yi in rubuta jarrabawar lasisi?

Amsa: Malam, zan fara da batun ƙarar, domin a nan haɗarin yake. A jihar New York, babi na 12-A na dokar kadarorin ƙasa da gidaje ya haramta wa kowa ya shiga tsakani a cinikin gida ko hayarsa don a biya shi, matuƙar ba shi da lasisi. Sashe na 442-d ya ce wanda zai nemi la'ada a kotu sai ya tabbatar da cewa yana da lasisi a lokacin da ya yi aikin, saboda haka ko da kana da shaidu da rubutaccen alkawari, ƙararka ba za ta yi nasara ba, kuma lasisin da za ka samu nan gaba ba zai gyara cinikin da ya wuce ba. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne sashe na 442-e, wanda ya mai da dillanci ba lasisi laifin da ake hukuntawa, ya kuma bai wa wanda aka karɓi kuɗinsa damar neman a biya shi har ninki huɗu na abin da ya bayar. Shawarata ita ce ka haƙura da wannan la'adar, ka kuma daina karɓar kuɗi a hannun 'yan uwa daga yau, ko da sun kira shi tukwici ko goro. Idan takardunka na zama ba su kammala ba, ka tuntuɓi lauyan shige da fice kafin ka ɗauki kowane mataki, domin tuhumar laifi tana iya shafar su.

Lasisin da za ka fara nema shi ne na ƙaramin dillali, wanda ke aiki a ƙarƙashin babban dillali mai ofis. Dole ka kai shekara 18, ka kuma kammala kwas na awa 77 a makarantar da hukumar ba da lasisi ta jihar ta amince da ita, a aji ko ta intanet. Ka tabbatar da sunan makarantar a jerin hukumar kafin ka biya ko sisi. Jarrabawa biyu ce a gabanka, kuma mutane da yawa suna rikita su: ta farko makarantar ce ke shirya ta a ƙarshen kwas, ta biyu kuwa ta jiha ce, wadda za ka yi wa rajista ta shafin eAccessNY a kan dala 15. Ta jihar tambayoyi ne na zaɓar amsa ɗaya daga cikin amsoshi, ana ba da awa ɗaya da rabi, kuma sakamakon zai fito a shafin da cewa ka ci ko ka faɗi, ba tare da an nuna maka maki ba. Ka tafi da katin shaida na gwamnati mai hoto wanda wa'adinsa bai ƙare ba. Wanda ya faɗi yana iya sake biya ya sake zama, wanda ya ci kuma yana da shekara biyu ya nemi lasisinsa.

A ganina ƙwarewarka ta gida za ta taimake ka wajen lissafin la'ada da sanin halin masu saye, amma tana iya kai ka ga kuskure a wurare biyu da jarrabawar ta fi matsa wa lamba. Na farko shi ne wakilci. A gida dillali yakan tsaya a tsakiya ya sasanta mai saye da mai sayarwa, ya ci la'ada ta kowane ɓangare. A nan kuwa doka tana so a san wanda kake wakilta, yana bin ka biyayya da riƙon sirri da bayyana masa duk abin da ya shafi cinikin, kuma sashe na 443 ya wajabta ka miƙa takardar bayanin wakilci tun farkon tattaunawa ta gaske. Wakiltar ɓangarori biyu ba ta halatta sai da yardarsu a rubuce.

Na biyu shi ne dokar hana wariya a harkar gidaje, wadda gwamnatin tarayyar Amurka ta kafa a 1968, kuma a yau ta haɗa launin fata, addini, ƙasar asali, jinsi, nakasa da kasancewar yara a cikin iyali. Jihar New York ta ƙara wasu, har da halastacciyar hanyar samun kuɗi a 2019, abin da ke nufin ba a korar ɗan haya don tallafin gwamnati ne ke biya masa. Wannan ya shafe ka ƙwarai, domin idan ɗan uwa ya zo ka nuna masa gidajen unguwar Musulmi kaɗai bisa zaton nan ya dace da shi, ko mai gida ya ce maka 'yan Afirka kawai yake so ka amsa masa, ka karya doka ko da niyyarka alheri ce. Binciken da jaridar Newsday ta wallafa a 2019 kan dillalan yankin Long Island da ke jihar New York ne ya sa jihar ta tsaurara wannan fanni, aka kuma ƙara awowin kwas daga 75 zuwa 77 a 2022.

Cin jarrabawa bai ba ka ikon fara aiki ba sai wani babban dillali mai lasisi ya ɗauki nauyinka kuma lasisin ya fito. A takardar neman za a tambaye ka ko an taɓa yanke maka hukunci da kuma ko ana bin ka kuɗin ciyar da 'ya'ya. Ka amsa gaskiya, domin tsohon laifi ba koyaushe yake rufe ƙofa ba, ƙarya kuwa dalili ce ta ƙwace lasisi. Bayan ka samu, sashe na 442-a ya hana ka karɓar la'ada daga hannun kowa sai babban dillalinka, don haka ku rubuta yadda za ku raba ta tun kafin ciniki na farko. Lasisin shekara biyu yake yi, kuma sabunta shi yana bukatar ƙarin karatu na awa 22 da rabi. Tun da haya ce harkarka, ka sani cewa daga Yunin 2025 dokar birnin New York ta hana dillalin da ke wakiltar mai gida ya ɗora kuɗin aikinsa a kan ɗan haya, saboda haka ka tambayi duk ofishin da za ka shiga wane ne ke biyan la'adar hayoyin da suke tallatawa.