Tambaya da Amsa: Taga a saman rufi, daga Liyon zuwa Banifandu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni wata uwa ce daga Banifandu nan Yamai. Ɗana da ke Faransa ya sayi ɗan ƙaramin gida kusa da Liyon, sama akwai ɗaki ƙarƙashin rufi amma duhu ne ƙirin, yana son ya huda rufin ya sa irin tagar nan Velux don yara su riƙa kwana ciki, sai ya ce mini wai sai meri, wato hukumar gari, ta yarda. Gidanshi ne fa, da guminshi ya saya! Kuma hoton da ya turo ta WhatsApp ya burge ni, ni ma ina son maso ya yi mini irinta a ɗakina na sama. Mi kuka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya jikoki. Yaron nan gaskiya ya faɗa miki. A Faransa duk aikin da zai canza kamannin gida ta waje sai an kai takarda meri tukuna, ko da taga ɗaya ce, suna ce mata deklarasiyo, a haɗa da pulan da hotunan rufin yadda yake da yadda zai koma. Meri tana da wata ɗaya ta amsa, in ta yi shiru galibi an yarda ke nan. Amma in gidan yana kusa da wani tsohon gini na tarihi, kamar cikin metir 500, to sai arshitek na gwamnati mai kula da irin waɗannan gine-gine ya sa baki, lokacin ya koma wata biyu, kuma yana iya cewa a rage girman tagar ko a maida ta gefen da ba a gani daga hanya. Yawancin garuruwa kuma suna da kundin dokarsu ta gini da ake kira PLU, ya je ya karanta nasu kafin ya biya ko sisi.

Sai maƙwabci. Dokarsu ta ce in taga tana kallon filin wani kai tsaye sai an bar metir 1,90 tsakaninta da iyaka, in ta gefe ne santimetir 60. In an ba shi izini ya kafa allon sanar da izinin a ƙofar gida, maƙwabta suna da wata biyu su kai ƙara. Kada ya bari mai aiki ya ce masa a yi kawai ba mai gani, tarar tana farawa daga yuro 1.200 kuma kotu tana iya sa shi ya toshe abin da ya huda.

Yanzu naki Hajiya, kuma nan ne nake son ki saurare ni da kyau. Dan Allah kada ki huda tol ɗinki. Wannan taga an yi ta ne don ƙasashen da rana take bi ta gefe kuma ake neman ɗuminta, kamfanin ma na ƙasar Danmak ne. Mu nan Yamai wajen ƙarshen Afrilu rana tsaye take cak bisa kai, zafi ya wuce digiri 40, gilashi a saman tol zai maida ɗakin tanda, ko kilim kika sa kuɗin wutar lantarki ne kawai zai tashi. Ga damina, hadarin Agusta da iskar da ke zuwa gabansa, in ba gwani ne ya rufe gefen tagar ba ruwa zai bi ya jiƙa palafo ya ci katako a hankali, kuma rufinmu yawanci a kwance yake, su kuwa tagogin suna son rufi mai gangare sosai. Ga ƙurar hunturu, wa zai riƙa hawa yana gogewa?

In haske da iska kike so, ki sa maso ya buɗe ƙananan tagogi can saman bango dab da palafo, ta arewa ko kudu, biyu suna kallon juna, iska mai zafi sama take tashi sai ta samu hanyar fita, a sa raga saboda sauro da ɗan rumfa ta kare feshi. Hakan ma ya raba ki da rigimar da ta fi yawa a unguwanninmu tun da benaye suka yawaita, wato taga mai leƙa tsakar gidan maƙwabta da makewayinsu, ba mai son a riƙa hango iyalinshi daga sama, kuma hakkin maƙwabci kin fi ni saninshi. Taga sama da tsayin mutum ba ta leƙen kowa.

In kuma aikin zai taɓa rufin ko ya kai ga ƙarin ɗaki, ki aiki wani da takardun fili da pulan ya je merin arondisimanku, sashen gine-gine, ya tambaya ko sai da parmi, wato izinin gini, kafin a sayo siminti.